Kwandon injin esfireso: bambancin VST, IMS da sauransu, da wanda ya dace da injinka a Legas

Injin esfireso, wato mai tura ruwan zafi da matsi ta cikin garin gahawa, ya daina zama kayan shagunan gahawa na Victoria Island, Ikoyi da Lekki kaɗai. Ana samun na hannu a kasuwar Alaba, ana ganin tallarsa a shafin saye da sayarwa na Jiji, wasu kuma 'yan'uwa ke ɗauko musu daga Ingila ko Dubai. Bayan saye sai ƙorafi ya biyo baya: gahawa ta fito da tsami, ko ta zubo tsararo cikin daƙiƙa 10, ko injin ya yi ta gurnani babu ko ɗigo. Akan ɗora wa injin laifi, alhali sau da yawa maganar tana wajen ɗan kwandon ƙarfen nan mai ramuka da ke zaune cikin mariƙi, wanda ake zuba garin gahawa a ciki. Yana cikin mafi arha a kayan injin, kuma shi ne ruwa mai matsin bar 9 (bar ma'aunin matsi ne) ke bi ta cikinsa kafin ya sauka a kofi.

Hukuncinmu tun daga farko shi ne: kwando mai kyau yana canza ɗanɗano, amma sai idan akwai injin niƙa da zai iya ciyar da shi. Wanda ke sayen gari niƙaƙƙe a kantin zamani, kuɗin kwandunan kamfanin VST ko na IMS asara ce a gare shi.

Kafin a zo kan sunan kamfani, a fara da faɗin kwandon, domin a nan kuɗin mutane ya fi salwanta. Milimita 58 shi ne ma'aunin yawancin injinan kasuwanci, da duk mai kai (wato inda ake ɗaura mariƙi) irin na E61 da kamfanin Faema ya fito da shi a 1961, da kuma Gaggia Classic da Rancilio Silvia. Breville Barista Express da Bambino milimita 54 suke ɗauka, amma Dual Boiler da Oracle na kamfanin 58 ne. De'Longhi Dedica 51 ne. La Spaziale 53, Lelit Anna 57. La Pavoni mai hannun dannawa kuwa tsofaffinsa 49 ne, na baya-bayan nan 51. Waɗannan lambobi ba sa shiga juna, ko da tazarar milimita ɗaya ce. (Breville shi ne ake sayarwa da sunan Sage a Ingila. Na Ingilan ya fi dacewa da mu, don wutarsa 230 ce kamar tamu, filoginsa ma irin namu ne. Na Amurka 120 ne, sai da taransifoma.)

Faɗin ciki ma bai gama maganar ba. Akwai leɓen kwandon, wato bakin da ke hawa kan mariƙi ya manne da robar kan injin. Kwanduna biyu na iya zama 58 dukkansu, leɓensu ya sha bamban. Idan leɓe bai zauna daidai a kan robar ba, ruwa zai riƙa tsartuwa ta gefen mariƙi, mutum ya yi ta canza roba a banza. Akwai kuma zurfi: kwandon giram 22 ko 25 ba ya shiga yawancin mariƙai masu bututun zuba a ƙasa, sai marar gindi. Don haka a cire kwandon da ya zo da injin, a auna leɓensa da zurfinsa da kalifa irin ta makanikai, a rubuta, sannan a yi oda.

Babban rabuwar kai tsakanin kwanduna ita ce ta mai bango biyu da mai bango ɗaya. Juya kwandon ka dubi gindinsa. Idan ciki cike yake da ramuka amma ta waje huji ɗaya tak ka gani, mai bango biyu ne. Irinsa ke zuwa da Dedica da yawancin ƙananan injinan gida. Breville kan haɗa iri biyun a kwali. Aikin wannan huji ɗaya shi ne ya tare ruwa ya tara matsi, ko garin ya yi laushi ko ya yi tsaki-tsaki. Gahawar na fita da ƙarfi ta wannan ƙuntatacciyar hanya, ta haɗu da iska, ta yi kumfa. Kumfar tana da kyan gani, sai dai ba irin wadda sabuwar gahawa ke fitarwa da kanta ba ce: ƙwayoyinta manya ne, kuma ba ta daɗewa. Ɗanɗanon kan tsaya a tsaka-tsaki, ba ya lalacewa sosai, ba ya kuma yin daɗi sosai.

Ba za mu raina shi ba. Ofis a Ikeja da mutum goma ke taɓa inji ɗaya, ko gidan da madara da sukari ke rufe komai, mai bango biyu ya ishe su. Aibinsa na gaske shi ne toshewa. Man gahawa da ɗan gari na taruwa a tsakanin bangon biyu inda burushi ba ya kaiwa, hujin ya toshe, injin ya yi ta kuka. Maganinsa a jiƙa shi cikin ruwan zafi da garin wanke inji irin su Cafiza ko Puly Caff na minti 20 zuwa 30, a soka siririyar allura a hujin, a ɗauraye sosai. Masu Gaggia Classic su lura da wata 'yar baƙar roba da ke zaune a gindin mariƙi: ta kwandon bango biyu ce. Idan babu ita gahawa za ta fantsama ko'ina. Idan kuma an koma kwando mai bango ɗaya, a cire ta a ajiye.

A mai bango ɗaya, garin gahawar ne da kansa ke tare ruwa. Nan ne ingancin ramuka ke fara magana. Kwandon da aka buga da arha, ɗaga shi ka dubi haske ta cikinsa: wasu ramukan sun fi wasu girma, wasu ba su gama hujewa ba, wasu da ɗan kaifin ƙarfe a bakinsu. Ruwa kuwa inda ya fi sauƙi yake bi. Sai gefe ɗaya na garin ya sha ruwa fiye da kima ya ba da ɗaci da bauri, ɗayan gefen ya rage bai jiƙu ba ya ba da tsami, su haɗu a kofi ɗaya. Matsalar ta fi tsanani a shago mai inji mai kai biyu ko uku: an saita niƙa ɗaya, amma wannan kan yana zuba kofi a daƙiƙa 22, wancan a 31, saboda kwandunan ba su yi daidai da juna ba.

Wannan matsala ce ta haifar da VST. Kamfanin Amurka ne na Vince Fedele, wanda aka fara sani da na'urar auna yawan abin da ya narke a cikin gahawa. Ya fito da kwandunansa a 2011, bayan aiki tare da La Marzocco na Italiya a kan injinsu Strada. Abin da suke sayarwa shi ne daidaito: ana ɗaukar hoton ramukan kowane kwando da na'ura a auna su, kuma kowanne na da lambarsa a jiki. Suna zuwa a giram 7, 15, 18, 20, 22 da 25, kamfanin kuma ya ce kada a wuce giram ɗaya sama ko ƙasa da abin da aka rubuta. Bangonsu a miƙe yake kusan har ƙasa, ramukan sun bazu zuwa kusa da gefe, don haka ruwa na wucewa da sauri. Dole a ƙara laushin niƙa fiye da yadda aka saba.

A nan ne masu saye da yawa ke cizon yatsa. VST ba ya rufa asiri. Idan garin ya dunƙule, ko an danna shi a karkace, ruwa zai fasa hanya ɗaya ya bi, ka ga tsartuwa ta ko'ina a mariƙi marar gindi. Injin niƙa mai wuƙa mai juyawa, irin na markaɗen kayan miya, ba zai taɓa ba shi abin da yake so ba. Ana buƙatar mai haƙora da ake iya matsar da saitinsa kaɗan-kaɗan. Madannin da ya zo da inji, wato abin danna gari a kwando, shi ma yakan yi masa ƙaranci. Na milimita 58 cif yana barin zoben gari a gefe da bai dannu ba, ruwa kuma ta nan zai zurare. A nemi na 58.4 ko 58.5. Amma idan hannu ya faɗa kuma niƙa ta yi, kofinsa a fili yake: zaƙin gahawar da ƙamshinta na fitowa daban-daban, musamman a gahawar da ba a soya ta ta yi baƙi ba. La Marzocco na sayar da nasa a giram 14, 17 da 21, masu kama da waɗannan a siffa da hali.

IMS labarinsa daban ne. Cikakken sunan shi ne Industria Materiali Stampati, masana'anta ce a yankin Pavia na Italiya da ke aiki tun 1946, kuma sana'arta ke nan: buga kwanduna da rariyar kan inji, wadda ruwa ke saukowa ta cikinta kan gari. Ba wa kanta kaɗai take yi ba, tana ƙera wa wasu su sa sunansu. E&B Lab tambarinta ne. Baristapro, da kamfanin kayan gyara na Nuova Ricambi ke sayarwa, aikin IMS ne. Pullman na Ostareliya ma, mai kwandon nan da ake kira 876 saboda yawan ramukansa, a wajen IMS ake buga masa. Wannan ba yana nufin duk abu ɗaya ba ne. Kowane kamfani na ba da nasa zanen, yawan ramuka da siffar bango su bambanta. Abin lura kawai, sunan da ke jikin kwali ba lalle shi ne na maƙerin ba, kuma wani lokaci kuɗin da aka ƙara na sunan ne.

Lambobin IMS na rikita mai saye, amma suna da sauƙi idan aka gane su. A lamba irin B70 2T H24.5, B70 faɗin leɓe ne a milimita, 2T na nufin na kofi biyu, H24.5 kuma zurfinsa. B70 shi ne na injinan E61 da makamantansu, B68 shi ake ba Gaggia, na Breville mai 54 kuwa B62.5 ne. Ramukan jerin da suke kira Competition milimita 0.30 ne, yawansu 641 ko 715 gwargwadon samfuri. Akwai masu ɗan lanƙwasa a ƙasa, akwai masu miƙaƙƙen bango. Masu lanƙwasar sun fi yafiya: suna ɗaukar tazarar giram mai faɗi, ba sa saurin tsartuwa, kuma kofinsu ya fi kauri a baki, abin da masu haɗawa da madara suka fi so. Wasu na zuwa da wani shafi mai santsi a ciki. Amfaninsa na zahiri curin gari ya faɗo da bugu ɗaya, wanki ya yi sauƙi. Ba mu ga dalilin a ce yana gyara ɗanɗano ba.

Babbar fa'idar IMS ga mutanenmu ita ce yana yin kusan kowane faɗi, alhali VST ya tsaya a 58. Mai Bambino ko Barista Express, IMS ne ƙofar da ke buɗe masa, kuma yawanci ya fi VST arha. Mai Dedica sai ya haɗa da sabon mariƙi, don kwandon gama-gari ba ya zama daidai a na asalin. A tabbata an sayi mai kunne uku, domin wasu tsofaffin injinan De'Longhi kunne biyu gare su.

Sai sababbin shiga, masu ramuka har bakin bango da gindi shimfiɗaɗɗe mai kauri da ba ya lanƙwasawa a ƙarƙashin matsi: Unibasket na Weber Workshops, da na Wafo, da na Sworks. Manufarsu ita ce garin da ke gefe ma ya sha ruwa kamar na tsakiya. Suna aiki, amma tsadarsu ta ninka ta IMS, suna neman niƙa mai laushi ƙwarai, kuma kofinsu ba shi da kauri. Ga mai son gahawar Habasha ko Kenya mai hasken suya, yana shan ta baƙa, akwai abin nema a nan. Ga shagon da kusan duk odarsa kafucino ce, wato gahawa da madara mai kumfa, ba ma ba da shawara.

A ɗaya ɓangaren akwai na China, irin su Normcore da MHW-3Bomber, waɗanda ake samu cikin sauƙi ta intanet kuma ba su da laifi a farashinsu. Abin gudu shi ne marasa suna kwata-kwata, da jabun da ake liƙa wa sunan manya. Na gaske lambarsa a zane take a jikin ƙarfen, tsaf, ba ta gogewa da yatsa. Da kaya ya iso, a ɗaga shi a hasken waya a duba ramukan, a shafa yatsa a ciki a ji ko akwai kaifi, a ɗora shi kife a kan gilashi a ga ko leɓen ya kwanta ko'ina. Wanda ke rawa a kan gilashi zai yi yoyo a inji.

Maganar mai zobe da marar zobe ba ta da tsawo. Zoben wani ɗan tudu ne da ya kewaye bango, wanda sifirin ɗin cikin mariƙi ke kamawa. Shago mai cunkoso ya ɗauki mai zobe don kada kwando ya bi gari cikin kwandon shara idan an buga. Na gida ya ɗauki marar zobe, ya fi sauƙin cirewa kuma gari ba ya maƙalewa. Ɗanɗano ɗaya ne. Idan marar zobe na yawan faɗowa, sifirin ne ya saki, a canza shi.

Kwandon kofi ɗaya mai giram 7 kuwa, mai siffar mazurari, a bar shi a kwali. Garin da ke gefensa ya fi na tsakiya siranta, ruwa na fasa shi nan da nan. Na VST da La Marzocco ma sai da madanni na musamman mai milimita 41.

Yadda za a saita sabon kwando, mu ɗauki na giram 18. A wanke shi da sabulu, a bushe shi ƙarau, don jiƙaƙƙen bango na jan ruwa ya bi gefe. A auna giram 18 a sikeli mai nuna har giram 0.1. A barbaza garin da siraran allurai masu kaurin milimita 0.3 zuwa 0.4 har dunƙulen ya watse, a ɗan buga mariƙin a tebur sau ɗaya, a danna a miƙe har garin ya daina sauka. Ƙarfin dannawa bai kai miƙewarsa muhimmanci ba. A ɗora kofi a sikeli, a nemi giram 36 na ruwan gahawa cikin daƙiƙa 25 zuwa 30. Ya zubo da wuri kuma da tsami, a ƙara laushi. Ya yi ta ɗiga ga ɗaci, a sassauta. Abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda. Wanda ya taɓa niƙa da yawan gari tare ba zai san wanne ya yi aiki ba.

Giram ɗin da aka rubuta a kwando kimantawa ce, domin kwando girma yake aunawa, ba nauyi ba. Gahawa mai baƙar suya ta fi cika wuri, giram 18 nata na iya taɓo rariyar sama. Mai hasken suya ta fi nauyi, giram 18 nata ya zauna can ƙasa. Ana son tazarar kusan milimita 2 tsakanin gari da rariya. A ɗora sulalla a kan dannannen gari, in har za a samu sulalla a Legas ta yau, a ɗaura mariƙin a cire ba tare da kunna ruwa ba. Idan sulallar ta nutse cikin garin, garin ya yi yawa: a rage giram ɗaya ko a koma kwando mai zurfi. Idan tazarar ta yi yawa, curin zai fito da caɓi. Wannan ba ya ɓata ɗanɗano, ƙazanta ce kawai. Masu ɗora faifan raga a saman gari su tuna shi ma yana cin wuri, kaurin wasu ya kai milimita 1.7.

Yanayin Legas na da nasa hannu a ciki, kuma kwanduna masu saurin zuba sun fi jin sa. Da damina gari na shan laima, zuba ya ragu, sai an ɗan sassauta niƙa. Da hunturu ya shigo a Disamba da Janairu, garin na bushewa, yana mannewa a jikin komai, zuba ya ƙaru. Shagon da ke kashe na'urar sanyaya ɗaki idan an koma janareta zai ga saitin safe bai yi da rana ba. Daɗewar ƙwayar gahawa ma haka: wanda aka soya makonni biyu da suka wuce, ko na tsaunin Mambila ne ko na waje, yana riƙe ruwa, wanda ya yi wata shida a kanta zai zube ta cikin VST komai laushin niƙa. A irin wannan hali IMS mai lanƙwasa ya fi haƙuri.

Ruwa ma abin dubawa ne. Kwandunan kirki da ƙarfe marar tsatsa ake yin su, amma ruwan burtsatse mai ƙarfe-ƙarfe, ko mai ɗan gishiri irin na wasu sassan Lekki da Ajah, yana barin tabo, yana kuma rage faɗin ramuka a hankali. A yi amfani da tataccen ruwa. A cire kwandon daga mariƙi kullum bayan aiki, don a ƙarƙashinsa baƙin mai ke taruwa ya yi wari. A jiƙa shi da garin wanki sau ɗaya a mako, a shago kuwa kowane dare. Kada a sa soson ƙarfe, kada a sa bilic, kada kuma a buɗa ramukan mai bango ɗaya da allura. Idan sun toshe, jiƙo da burushi mai laushi sun isa. Wajen cirewa a yi amfani da leɓen wani kwandon a ɓamɓare shi, ba wuƙa ba, don wuƙa na lanƙwasa leɓe.

Akwai kuma makahon kwando, marar huji ko ɗaya, na wanke cikin kan inji. Injin da ke da hanyar mayar da ruwa baya kaɗai ake sa wa shi, irin su E61 da Silvia. Dedica ba shi da wannan hanya, kada a gwada.

Ga shago mai inji 58 da ma'aikata masu canjin aiki, zaɓinmu IMS ko Baristapro mai zobe na giram 18, a sayi na duk kawunan injin lokaci ɗaya, samfuri ɗaya, har da ɗaya na ajiya, tunda odar waje kan ɗauki makonni kafin ta iso. Mai injin niƙa na kirki da ke shan gahawarsa baƙa ya ɗauki VST 18 marar zobe da madanni 58.5. A shago, a riƙa duba kwanduna duk bayan 'yan watanni: gindin da ya kumbura waje, siririn tsagu a kusa da ramukan gefe, ko leɓen da ya lotse saboda bugu, duk alamun canji ne, kuma idan ɗaya ya tafi a canza su gaba ɗaya.